Rigar faifai a matsayin takardar shaida: tsara bangon kundin waƙoƙi a aikin ɗalibai, da misali daga Tasawa da Mayahi

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba yadda ya kamata ɗalibai su tsara rigar kundin waƙoƙin da suka ɗauko a ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi. Ra'ayin da muke karewa shi ne, aikin farko na riga shi ne ta riƙe sunan mai waƙa, da garinsu, da ranar da aka ɗauki muryarsa; ado yana zuwa daga baya. Mun bi tarihin rigar faifai a taƙaice, mun kawo abin da ya wajaba a rubuta a kanta, sannan mun tattauna matsalolin harshe, da hoto, da bugu, da kuma abin yi yanzu da waƙa ke yawo cikin wayoyi ba tare da takarda ba.

1. Gabatarwa

A sassan koyar da sadarwa, da harsuna, da adabin baka, an saba ba ɗalibai aikin zuwa ƙauye su ɗauko muryoyin makaɗa da mawaƙa, su tace su, su haɗa su cikin kundi guda da za a gabatar gaban kwamitin malamai. A cikin irin waɗannan ayyuka da suka biyo ta hannunmu, mun lura da wata al'ada da ke yawan maimaituwa. Ɗalibi yakan share makonni yana fama da na'urar ɗaukar murya, da neman izinin mai gari, da jiran makaɗi ya dawo daga gona, amma rigar da za a sa wa kundin sai daren jajibirin miƙa aiki ake tunawa da ita. A nan sai a lalubo hoton kuka ko na raƙumi daga intanet, a ɗora masa suna da faransanci mai ma'anar "kiɗan gargajiya na Nijar", a jera sunan jami'a da na malamin da ya duba aikin da manyan baƙaƙe, shi ke nan. Wanda ya rera waƙar, da garinsu, da ranar da aka ɗauke ta, duk suna cikin kan ɗalibi, shi kuwa bayan shekara guda ya kama gabansa.

Illar wannan sakaci ba ta bayyana ranar da kwamiti ya zauna, domin ɗalibin yana nan, yana iya amsa kowace tambaya da baki. Tana bayyana ne bayan shekara goma, sa'ad da wani mai bincike ya buɗe kabad ɗin sashe ya tarar da faifai mai murya garau, amma ba ya iya kafa hujja da shi a cikin kundin digirinsa saboda bai san ko na wane ne ba. Tana kuma bayyana ga mawaƙin kansa, ko ga magadansa, idan waƙar ta fita duniya ba da sunansa ba. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsara riga yana farawa tun a gindin bishiyar da aka zauna aka ɗauki waƙar.

2. Kalmomin da muka yi amfani da su

Abin da faransanci ke kira *pochette* ko *jaquette* ba shi da suna guda tsayayye a hausa. Masu sayar da kaset sukan ce kwali, wasu su ce bango kamar na littafi. A nan mun zaɓi kalmar "riga" don ta game duk abin da ke lulluɓe da murya: kwanson roba, da takardar da ke cikinsa, da ɗan littafin bayani, da takardar da ake mannawa a jikin kaset ko faifai. Za mu kira gaban riga "fuska", ɗan siririn gefen da ake gani idan an jera su kuma "ƙeya". Kalmar "kundi" tana nufin tarin waƙoƙin da aka haɗa ƙarƙashin suna guda, watau abin da ake kira albam.

3. Yadda riga ta girma, ta kuma ƙanƙance

*3.1 Daga garmaho zuwa kaset*

Faya-fayan garmaho na farko cikin takarda maras ado ake sayar da su. Da yake kowane gefe ba ya wuce ƴan mintoci, sai a haɗa faifai da dama cikin wani littafi mai aljihuna irin na adana hotuna. Daga nan kalmar albam ta shigo harkar kiɗa. Wajen 1940 wani mai zane, Alex Steinweiss, ya shawo kan kamfanin Columbia na Amurka ya soma sa zane na musamman a bangon kowane kundi. Da babban faifai mai juyi 33 ya fito a 1948, sai riga ta samu fili na kimanin santimita 31 a kowane gefe, wanda ya isa hoto a gaba da dogon bayani a baya. Kamfanonin da suka duƙufa kan kiɗan al'ummomi sun yi amfani da wannan fili sosai. Folkways, wanda Moses Asch ya kafa a 1948, yakan sa ɗan littafin bayani cikin kowane faifai. Haka ma Ocora ta Faransa, wadda ta fitar da faifan kiɗan maroƙan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a farkon shekarun 1960. Sai dai a yawancin faya-fayan nazarin al'adu na wancan zamani, sunan ƙabila da na kayan kiɗa su ke gaba, sunan mutum yana baya, wani lokaci ma babu shi sam. Wannan gado ne ɗalibanmu ke maimaitawa ba tare da sun sani ba.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya shigar da waƙar da aka ɗauka cikin kowane ƙauye na ƙasar Hausa, saboda rediyo mai kaset da batir yake aiki, kuma kowa na iya kwafar wani kaset daga wani. Fuskar rigarsa ba ta wuce kimanin santimita 10 da 6 da rabi ba. A kasuwannin jihar Maraɗi, inda kaset ɗin Mamman Shata da na Ɗan Anace ke shigowa ta hanyar Katsina da Kano, sau da yawa rigar ba ta fi sunan mawaƙi da aka rubuta da biro a ƙeya ba. Ƙarami ne ƙwarai, amma a lura: ko mai kwafar kaset a rumfar kasuwa ya san cewa abu guda da ba a bari shi ne sunan mai waƙa, domin da shi mai saye ke tambaya.

*3.2 Darasi daga Kano*

Akwai wani misali da ke nuna nauyin riga fiye da kowane bayani. A sana'ar finafinan hausa da ta bunƙasa a Kano cikin shekarun 1990, mai shirya fim ba shi ne ke kwafar kaset ba. Yakan buga riguna a maɗaba'a, ya kai wa dillalan kasuwar Ƙofar Wambai tare da uwar kaset. Su ke kwafa, su sa wa kowane kwafi riga guda, su biya shi gwargwadon rigunan da suka fita. Brian Larkin (2008) ya nuna cewa a wannan tsari haƙƙin mallaka ya fi zama a jikin riga bisa ga jikin kaset: kwafin da ke sanye da rigar mai fim halattacce ne, wanda ba shi da ita na sata ne, alhali abin da ke ciki ɗaya ne. Ashe ke nan a yankinmu an riga an san riga a matsayin takardar shaida.

*3.3 Zamanin katin memori*

Faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, bai daɗe yana tashe a karkararmu ba. Kafin ya kafu sosai wayar salula ta riske shi. Yau waƙa tana yawo ne cikin katin memori mai tsawon milimita 15 da faɗin 11, ana tura ta daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko WhatsApp, ko a je wurin masu turi a kasuwa a cika kati. Babu inda za a manna takarda. Abin da wannan ke jawowa ya fito fili a kundin *Music from Saharan Cellphones* da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011. Christopher Kirkley ya tattaro waƙoƙin daga wayoyin mutane a Kidal ta ƙasar Mali, da yawansu ba su ɗauke da cikakken suna, sai da ya bi sawu kafin ya gano masu su ya biya su haƙƙinsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mdou Moctar na Nijar, wanda daga baya ya zaga duniya da gitarsa. Shi an gano shi. Mai waƙar daka ta wani ƙauyen Mayahi ba lalle ne wani ya bi sawunta ba.

4. Fagen aikin: Tasawa da Mayahi

Tasawa tana bisa babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi. Tsohon gari ne mai sarauta, kuma kudancin gundumar ya kusanci iyakar Nijeriya. Mayahi tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba, kwarin da ya samu sunansa daga kabar goriba da ta cika shi. Ɗalibin da ya shiga ƙananan hukumomi irin su Maijirgi, Korgom, Urafan, Kanambakashe ko Sarkin Hausa zai iya tarar da kiɗan fada, da gangar noma, da kalangun mahauta, da kiɗan ƴan kokowa, da goge ko garayar bori, da waƙoƙin daka da niƙa na mata, da na gaɗa a dandali. Don rarrabe waɗannan da sanin sunayen kayansu, littafin Ames da King (1971) da kundin digirin Mahaman Garba (1992) kan kiɗan Hausawan Nijar sun isa mafari. Don bori a yankin Maraɗi kuma akwai aikin Veit Erlmann.

Abin da ya shafi riga a nan shi ne, waɗannan nau'o'i ba matsayinsu ɗaya ba. Makaɗin fada yana da ubangida, kuma waƙarsa ta ubangidan ce kamar yadda take tasa. Makaɗin noma sana'a yake yi, yana son sunansa ya bazu domin a gayyace shi gayya. Matar aure da ta rera waƙar niƙa a tsakar gida ba ta ɗauki kanta mawaƙiya ba, watakila ma mijinta ko danginsa ba sa son a ji muryarta a waje. Riga guda ba za ta bi da su ukun ta hanya ɗaya ba. Haka kuma masu karɓar kundin iri biyu ne: malamai da ma'adanai irin na IRSH da CELHTO a Yamai, waɗanda rubutu ya dama, da mutanen ƙauyen da aka ɗauko waƙar, waɗanda da yawansu ba sa karatun boko, amma suna gane fuska, wasunsu kuma suna karanta ajami.

5. Abin da ya wajaba riga ta faɗa

Ba sai mun je Turai neman abin koyi ba. Malaman da ke rubuta waƙoƙin ajami sun saba rufe waƙa da sunan mai ita, wani lokaci da na mahaifinsa da garinsu, sannan su ba da shekarar da aka yi ta cikin ramzi, watau kalmar da lissafin haruffanta ke fitar da shekarar hijira. Masu kwafar littattafai su ma sukan sa sunansu a ƙarshe, a haɗa takardun cikin tadarishi, a sa a gafaka. Da wannan al'ada ne masu bincike ke iya cewa ga wanda ya yi wannan waƙa, ga lokacin. Mawaƙin baka yakan ambaci sunansa da na ubangidansa cikin waƙa, amma ba ya faɗin rana ko wuri. Wannan giɓi shi ne riga ke cikewa. Ita ce ramzin waƙar baka.

Bisa ga haka, ga abin da muke ganin kowace waƙa cikin kundi za ta zo da shi:

(a) sunan mawaƙi na yanka da na mahaifinsa, da laƙabin da aka san shi da shi, domin a ƙauye laƙabi ake tambaya;
(b) sunayen ƴan amshi, da makaɗa, da sanƙira ko maroƙi, kowa da aikinsa;
(c) ƙauye, da ƙaramar hukuma, da gunduma, saboda sunaye irin su Gidan Wane ko Sabon Gari suna da yawa;
(d) rana, da wata, da shekara, da kuma yanayin ɗauka: a wurin biki ne, ko ɗalibi ne ya roƙa aka rera masa;
(e) sunan waƙar kamar yadda mai ita ke kiran ta, da wanda aka yi wa ita;
(f) kayan kiɗa da sunayensu na wurin;
(g) wanda ya ɗauka, da tsawon waƙar, da lambarta a rajistar sashe.

Abu na (d) yana buƙatar ƙarin bayani. Waƙar noma da aka rera a gona, manoma na amsawa da hauya a hannu, daban take da wadda makaɗi ya rera a zaure cikin rani don ya faranta wa baƙo. Tsawo, da sauri, da kirarin da ke ciki duk sukan sauya. Mai nazarin da bai san wannan ba zai gina hukunci bisa kuskure. A abu na (e) kuma, kada ɗalibi ya ƙaga wa waƙa suna don ya yi daɗi a faransanci. Idan mai ita ya ce "ta Wane ce", haka za a rubuta. Idan ba ta da suna, a sa farkon amshinta, a nuna cewa mai tsarawa ne ya yi hakan.

Ba duka waɗannan ne za su hau fuska ba. Fuska ta mawaƙi ce: sunansa, da garinsu, da sunan kundi. Ƙeya ta mai nema ce: sunan kundi, da shekara, da lambar rajista. Baya na jerin waƙoƙi ne da tsawonsu. Sauran bayani ya shiga ɗan littafi. Sunan jami'a da na malami suna da wurinsu a baya, da ƙananan baƙaƙe. Bai dace wanda ya duba aiki ya fi wanda ya yi waƙa girman suna ba.

Sai batun haƙƙi. Nijar ta kafa dokar kare haƙƙin mawallafa, da na masu aiwatarwa, da na kayan al'adun gargajiya a 1993, aka sake ta a 2010; ofishin BNDA mai kula da wannan fanni kuma an kafa shi a 1995. Cewa aikin na makaranta ne ba ya ɗauke wa ɗalibi neman izini. A rubuta a riga, da hausa da faransanci, cewa an ɗauki waƙoƙin da yardar masu su, kuma don koyarwa da bincike ne, ba don sayarwa ba. Inda mawaƙi ba ya rubutu, a ɗauki yardarsa da muryarsa a ajiye a sashe. Wadda ta ce kada a sa sunanta, a mutunta hakan: riga ta ce "wata mata daga ƙauye kaza, wadda ta nemi a sakaya sunanta", cikakken sunan kuma ya zauna cikin rajistar da ba ta fita. Sakaya suna bisa roƙon mai shi daban yake da mantawa da shi, kuma ya kamata mai karanta riga ya iya bambance su.

6. Harshe da rubutu

Tun da kundin na mawaƙan hausa ne, hausa ce za ta zo a sama, faransanci ya biyo a ƙasa da ƙananan baƙaƙe ko gicciyayyu. Wannan ya dace da matsayin da kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ba hausa na harshen ƙasa, faransanci kuma harshen aiki. A kiyaye tsari guda tun daga fuska har ƙarshen ɗan littafi, don ido ya san inda zai nemi kowane harshe. A tuna kuma fassarar faransanci takan fi asalin hausa tsawo, saboda haka a bar mata fili tun farko.

Babbar matsala ita ce baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Tun taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, har zuwa dokar minista ta watan Oktoba 1999 da ta tsayar da ƙa'idar rubutun hausa a Nijar, waɗannan baƙaƙe suna cikin abjadi. Amma yawancin salon baƙaƙe na ado da ɗalibai ke sha'awa ba su ɗauke da su. Kwamfuta sai ta aro harafin daga wani salo ya fito a karkace, ko ta sa ɗan akwati a madadinsa, ko ɗalibi ya gaji ya rubuta k a wurin ƙ. Bambancin "ƙafa" da "kafa", ko "ɓata" da "bata", ba ƙarami ba ne, balle a sunan mutum. Salo irin su Charis SIL, Andika da Noto suna da su duka, manya da ƙanana, kuma kyauta ne. Kafin a zaɓi salo a gwada shi da kalmomi huɗu masu waɗannan baƙaƙe. Sannan a kai wa maɗaba'a aikin cikin PDF da baƙaƙen a ƙunshe, in ba haka ba kwamfutar mai bugu za ta sauya su.

Sunayen garuruwa su ma suna da fuska biyu. Heinrich Barth, da ya sauka garin a watan Janairu 1851, Tasawa ya rubuta, kamar yadda mutanenta ke faɗa. Rubutun *Tessaoua* na mulkin Faransa ne, kuma shi ke bisa taswira da takardun hukuma. Shawararmu ita ce sashen hausa ya ɗauki rubutun hausa, na faransanci ya ɗauki na hukuma, don mai nema ta kowace hanya ya samu. A matanin waƙoƙi kuwa kada a gyara karin harshen mawaƙi zuwa daidaitacciyar hausa. In ya ce "hwara" ko "shina", haka za a rubuta. Alamun karin sauti da tsawon wasali a bar su ga ɗan littafi, in nazarin ya buƙace su. Daga ƙarshe, layi guda na ajami a fuska, mai ɗauke da sunan mawaƙi da garinsu, yana ba mutane da dama damar karanta abin da aka kawo musu; a nemi malamin allo ya rubuta da hannu, a ɗauki hotonsa.

7. Hoto da ado

Ga wanda ba ya karatu, hoto shi ne suna. Don haka hoton da ya fi dacewa shi ne na mawaƙin kansa da kayan kiɗansa, fuskarsa a fili, cikin tufafin da shi ya zaɓa. Makaɗi yakan so a ɗauke shi da babbar riga da hula. Ɗalibi kuma yakan so shi cikin tsumman gona don a ce "na gargajiya" ne. Zaɓin mai fuska za a bi. Idan mawaƙa da yawa ne cikin kundi, gara a jera ƙananan hotunansu da a fifita guda, domin a ƙauye wannan fifiko yana iya zama abin magana.

Akwai inda hoto ke cutarwa. Matan aure da ba su amince ba, a wadatu da hoton turmi, ko ƙwarya, ko hannuwa. Game da bori a yi hattara biyu: tarzomar watan Nuwamba 2000 a Maraɗi, wadda Barbara Cooper (2003) ta nazarta, ta nuna cewa abin da ya shafi bori da matan da ba su da aure yana iya jawo hari. Hoton mutum cikin hawan iska, da sunansa da na ƙauyensa a ƙasa, ba abin da za a buga ba ne sai da yarda bayyananna, bayan an fahimtar da shi inda hoton zai iya kaiwa.

Ado kuwa yana nan a wurin: saƙar tabarma da faifan kaba, zanen ƙwarya, aikin dukawa, zayyanar allo. Ɗayansu ya isa a yi gefe da shi. Ana iya ba masu saƙar kaba na Gulbin Kaba aikin ɗan kube da za a sa kwafin da za a mayar wa mawaƙa. Sai dai kaba na riƙe ƙura kuma tana iya karce faifai, don haka a fara sa shi cikin ambulan takarda.

8. Awo, takarda da bugu

A nan za mu taƙaita. Ɗan littafin CD murabba'i ne mai santimita 12; mai shafi huɗu idan an shimfiɗa shi 24 ne da 12. A ƙara milimita 3 a kowane gefe don yanka, a kuma nisantar da rubutu daga baki da kamar haka. Da wannan ƙari guda ɗaya ke fita a takardar A4, uku a A3; lissafin da ya kamata ɗalibi ya yi ke nan kafin ya tambayi farashi. Hoto ya kasance mai ɗigo 300 a inci. Wanda ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, ba ya buguwa da kyau. Launin da ke haske a allon kwamfuta yakan dushe a takarda, saboda haka a buga gwaji guda tukuna.

Takarda da tawada daga waje ake shigo da su, kuma tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairu 1994 sassanmu suka koyi tsimi. Riga mai baƙi da fari da aka tsara don ta jure fotokwafi ta fi mai launi huɗu da ba a iya sake bugawa. Tawadar ruwa tana zuba da damina, tana kuma koɗewa a rana. Bugun leza ya fi ƙarko. Kwanson roba yana fashewa a hanya, kwali mai kauri ya fi shi jure jaka da babur, amma gara na cinsa. Faifan da ake ƙonawa a kwamfuta ba ya son zafi, don haka kada a ɗauke shi a matsayin ma'adani na dindindin. Uwar murya ta zauna a wuri biyu aƙalla.

9. Rigar da ba ta takarda ba

Duk kyan riga, ranar da aka kwafe waƙar zuwa waya ta rabu da ita. Saboda haka muke ba da shawarar a ɗinka wa kowace waƙa riga uku. Ta farko ita ce ta takarda da muka bayyana. Ta biyu tana cikin fayil: MP3 yana da gurabun da ake cika sunan mawaƙi, da na waƙa, da kundi, da shekara, har da ƙaramin hoto. A cika su da rubutu daidai. Sunan fayil kuma a yi shi da baƙaƙe marasa lanƙwasa, a soma da lamba da sunan mawaƙi, domin ƙananan rediyoyi masu cin kati ba sa nuna ƙ da ɗ, kuma sukan yanke dogon suna.

Ta uku ita ce ta murya, kuma ita ce mafi ƙarko. Kafin kiɗa ya tashi, a bar mawaƙi ya faɗi sunansa da garinsu da bakinsa, mai ɗauka ya ƙara ranar; daƙiƙa goma sun isa. Masu turi na iya sauya sunan fayil, gurabun na iya gogewa, amma abin da ke cikin sautin yana tafiya duk inda waƙar ta je, kuma wanda ba ya karatu yana jinsa. A tacewa kada a yanke wannan gabatarwa don neman tsabta. A ganinmu tana cikin aikin tsara riga, kuma a nan ya kamata a ba ta maki.

10. Kammalawa

Mun nuna cewa rigar kundi ita ce ke haɗa murya da mai ita, kuma wannan fahimta tana da tushe a gida, daga ramzin malaman ajami har zuwa rigunan Ƙofar Wambai. Ga malamai masu duba irin wannan aiki muna ba da shawara uku. A sa takardar cike bayanai cikin kayan da ɗalibi zai tafi da su ƙauye, tare da na'ura. A gwada riga ta hanyar miƙa ta ga wanda bai san aikin ba, a tambaye shi wa ya yi waƙa ta uku, a ina, yaushe, kuma da izinin wa. In bai iya amsawa ba, riga ba ta kammala ba. Sannan kada a rufe makin ɗalibi sai ya mayar wa kowane mawaƙi kwafinsa a Tasawa ko Mayahi, ya karanta masa abin da aka rubuta a kansa, ya dawo da gyaran da aka yi masa.